Filin Hanya da Sufuri: Fitilar Mota Mai Kashe Ido

A watan jiya wannan fili ya yi magana a kan tayoyi da yawan iskar da ya kamata a ba su. A wannan wata magana ta faɗo a kan fitila. Kaka ta yi, an fara kwasar gero da wake zuwa kasuwanni, hunturu kuma yana bakin ƙofa. Daga yanzu har zuwa watan Maris motoci za su yi ta tafiyar dare da ta asuba cikin hazo.

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakoro bayan sallar isha'i ya san abin da ake nufi. Hanya ce ta wajen kilomita 120, ta ratsa Tibiri, ta ratsa Kornaka, kuma ba ta motoci kaɗai ba ce. Akwai amalanken shanu da na jakai masu komawa gida daga cin kasuwa. Akwai ƴan kabu-kabu. Akwai garken shanu da raƙuma masu tsallakawa. Akwai mata da yara a ƙasa da kaya a ka. Ana cikin tafiya sai a hango wata wuta can gaba, fara fat mai ratsin shuɗi, kamar walƙiya ce ta sauko ƙasa. Mai babur ya ratse gefe. Mai amalanke ya rufe fuska da hannun riga. Direban da ke tahowa ya yi ta ƙyafta wuta, yana roƙon a rage masa, ba a rage ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Mai wutar ya riga ya rage, iyakar ragewarta ke nan.

Wannan wuta ita ake kira zenon. Samarin direbobi suna son ta ƙwarai. Ana sayen ta cikin kwali a shagunan kayan mota na Maraɗi, wasu kuma a kawo musu daga Kano ko Katsina. A cire ƙwan da mota ta zo da shi, a cusa sabo, a ƙara fitilun hazo biyu a gaba, mota ta fito kamar amarya. To, shin wannan wuta tana ƙara wa mai ita gani? In tana ƙarawa, idon wa ake ragewa?

MECE CE ZENON?

Yawancin motocin da ke aiki a gundumar Dakoro, su Toyota Hilux da Hiace da tsofaffin Land Cruiser, an ƙera su da ƙwan fitila irin na halojin. A cikin ƙwan akwai wata siririyar waya. Wutar batir ta bi ta cikinta, ta yi zafi, ta ba da haske. An fara sa irin wannan ƙwai a motocin Turai a 1962. Wanda aka fi sani a nan shi ne mai lamba H4. Waya biyu gare shi: ɗaya ta ƙaramar wuta, wadda direbobi ke ce wa kod, mai cin wat 55, ɗaya ta babbar wuta, wato far, mai cin wat 60.

Ƙwan zenon ba shi da waya. Wata irin iska ce aka ɗura a ɗan ƙaramin gilashi, tartsatsin lantarki ya riƙa tsalle tsakanin ƙarafa biyu, kamar wutar mai walda. Kafin tartsatsin ya tashi sai an ba shi bolt sama da 20,000, alhali batirin mota bolt 12 ne. Shi ya sa kowane ƙwai yake zuwa da ƴar akwatinsa ta ƙara ƙarfin wuta, wadda makanikai ke ce wa balas. Kamfanin BMW na ƙasar Jamus ne ya fara fito da mota mai irin wannan fitila a 1991. Wat 35 kawai take ci, amma haskenta ya ninka na halojin sau biyu, har ya doshi uku. Wannan gaskiya ne, ba zuƙi-ta-malle na ƴan kasuwa ba.

Ita iskar, masana sun gano ta a Ingila a 1898. Suka ba ta suna da harshen Girka, ma'anarsa baƙo. Sunan kuwa ya dace, domin a fitilar da ba don shi aka ƙera ba, ƙwan zenon baƙo ne. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa.

Ga dalili. Fitilar mota ba ƙwai kaɗai ba ce. Bayan ƙwan akwai kwano mai sheƙi kamar madubi. Aikinsa ya tattara haske, ya zuba shi a kan hanya, ya yanke shi daga sama don kada ya kai idon mai tahowa. Maƙera sun auna kwanon daidai da tsawon wayar halojin da daidai wurin zamanta. Tartsatsin zenon kuwa siffarsa dabam ce, yana lanƙwasa sama, ba ya zama inda wayar take zama. Sai kwano ya kasa riƙe shi. Haske ya watse, wani kan itatuwa, wani sararin sama, wani cikin idon mutane. Mai ban ruwa a rijiya ya san wannan: guga goma da aka sheƙa a ƙasa ba su kai guga ɗaya da aka zuba a komi ba.

Motocin da aka ƙera da zenon tun daga masana'anta, fitilarsu dabam ce. Yawancinsu suna da wani gilashi kewayayye kamar ƙwayar ido, da ƙarfe a ciki mai yanke haske daga sama. A ƙasashen Turai doka ta ce irin wannan fitila mai ƙarfi dole ta zo da abu biyu: famfon wanke gilashinta, da na'ura mai sunkuyar da ita da kanta in an yi wa mota lodi. Wanda ya sayi zenon a kwali ba ya samun ko ɗaya daga ciki. A Ingila, tun 2021, motar wannan zamani da aka cire mata halojin aka cusa mata zenon ba ta cin binciken shekara.

Yanzu kuma an shigo da ƙwan LED, da dogayen sandunan fitila da ake ɗaurawa a kan rufin mota. Sababbin motoci ma da yawa sun bar zenon sun koma LED. Amma hukuncin ɗaya ne: kowane ƙwai da gidansa.

ZANCE A GAREJI

Ga misalin yadda zancen kan kasance a garejin wani tsohon mai gyaran wutar mota. Saurayin direba ya shigo da kwali a hammata.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu ɗana. Ya hanya?"

"Hanya sai godiya. Baba, wannan na kawo ka ɗaura mini. Ba na gani da dare. Jiya saura ƙiris in hau jaki wajen Ajekoriya."

Tsoho ya juya kwalin, ya duba rubutun jikinsa.

"Mi aka rubuta nan? 8000K. Ka san ma'anarsa?"

"Mai shago ya ce ita ce ta fi ƙarfi."

"Ba ƙarfi ba ne, ɗana, launi ne. Ta masana'anta 4300K ce, fara sol. Duk yadda lambar ta hau, haka wutar ke ƙara shuɗi, haka kuma hasken ke raguwa. Ka biya kuɗin kwalliya ne, ba na gani ba. Zo mu duba motar tukuna."

Suka fita. Tsoho ya shafa gilashin fitila da tafin hannu. Robar ta yi rawaya, ta dushe, rairayi ya gama cizge ta. Ya buɗe gaban mota, ya taɓa wayar da ke bayan ƙwai, ta yi baƙi, bakinta ya narke.

"Ka gani? Idon motarka yana da yana, jijiyarsa kuma ta bushe. Mai yanar ido ba ƙarin rana yake bukata ba."

"To, Baba, in an sa zenon ai za ta huda."

"Za ta huda idon mai tahowa. Kai kuma gabanka kusa zai yi fari fat, ka ga kamar kana gani. Amma ido in ya sha haske kusa, ba ya ganin nesa. Jakin nan naka yana can nesa, cikin duhu."

"Kowa fa ita yake sawa yanzu."

"Na ji. In ta mutu maka a Sakabal ko Bermo tsakar dare, wa zai ba ka balas? Ƙwan halojin kuwa, ko a teburin mai faci kana iya dacewa. Hanyar burji tana girgiza akwatin, zafin inji yana dafa ta. Batir ya ɗan yi sanyi, ƙwai ɗaya ya ƙi kamawa, ka tafi da ido guda. Mai tahowa ya ɗauka babur ne, ya ƙi ba ka hanya. Sannan ba ta son ƙyaftawa, sai ta ɗauki ɗan lokaci kafin ta cika haske. Wata ma in an sa ta gurbin H4, mota ta rasa far ko ta rasa kod, don tartsatsi ɗaya ne a gurbin waya biyu."

Saurayi ya yi shiru. Can ya ce, "To, mi za a yi?"

"Mayar wa mai shago kwalinsa, in zai karɓa. Ka bar mini motar zuwa magariba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWANE DIREBA YA RIƘE

A makarantar koyon tuƙi ana karantar da cewa kod tana haska aƙalla mita 30, far kuma aƙalla mita 100. Ana kuma karantar da nisan da mota ke ci kafin ta tsaya, daga lokacin da direba ya ga abu. Mai gudun kilomita 50 a awa yana bukatar wajen mita 25. Mai gudun kilomita 90 yana bukatar wajen mita 80. Wannan a kan kwalta busasshiya ne, da birki mai kyau. A kan burji ko rairayi, da lodin buhuna, ya fi haka.

Mota mai gudun kilomita 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In wuta ta kashe wa direba ido na daƙiƙa 3 kawai, ya tafi mita 75 ke nan bai ga komai ba. Dattijo kuwa idonsa ya fi daɗewa kafin ya dawo. A cikin mita 75 ɗin nan ana iya samun amalanke ba fitila, da sa biyu, da yaro yana gyangyaɗi a kan buhuna.

A nan ne abin yake zama asara. Sa biyu na noma su ne dukiyar gida guda. In mota ta karya su, gonar baɗi ta tafi, kuɗin ɗaukar kaya ya tafi. In yaron ne ya karye, sai asibitin Dakoro, wata sa'a sai an wuce da shi Maraɗi. Mai farar wutar kuwa ya yi gaba abinsa, bai ma san abin da ya bari a baya ba. Wani lokaci kuma direban da aka makantar ba ya faɗa wa amalanke, sitiyari ne ke karkata ya nufi inda hasken yake. Wanda ya makantar da mai tahowa, makaho ya turo wa kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Ta ce in an auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna, duk da ƙarancin motocinta.

KAFIN A KASHE KUƊI

Direban da ya ce ba ya gani da dare, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma maganin yana da araha. Ga abubuwan da za a fara dubawa:

1. Gilashin fitila. A wanke shi kafin kowace tafiyar dare. In na roba ne ya yi rawaya, a goge shi da sanfefa mai laushi da ruwa, a bi da man goge fenti. In ya fashe, a sake.

2. Kwanon ciki. In ƙura ko ruwa sun shiga, sheƙinsa ya mutu, babu ƙwan da zai yi haske a cikinsa. Sai sabon kwano.

3. Wayoyi. Tsohuwar waya da tsatsar mahaɗi suna shanye wuta a hanya. In wutar da ke isa ƙwan halojin ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da wajen kashi 30. A kankare mahaɗai, a gyara wayar mas da ke haɗe da jikin mota.

4. Ƙwai. Yana dushewa da tsufa tun kafin ya mutu. A sake biyun tare, da lambar da mota ta zo da ita. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana ƙona shi. Kada a sa mai wat 100 a gurbin mai 55, yana narkar da mahaɗi.

5. Gilashin gaba. A goge shi ciki da waje. Ƙurar da ke kansa tana ninka wahalar ido in wuta ta dake shi.

6. Asalin motar. A ƙasar nan dama ake bi. Motar da aka ƙera don ƙasashen da ke bin hagu, kamar Japan da Ingila, fitilarta tana ɗaga haske ta hagu, wato daidai idon mai tahowa. Ko an juya sitiyari, in ba a sake fitilun ba, cutar tana nan.

7. Idon direba kansa. Wanda ya fara ganin wuta tana yi masa bakan gizo, ya je likita a duba shi.

YADDA AKE SAITA FITILA DA BANGO

Wannan aiki ba ya cin ko dala. Bango yake so, da igiyar awo, da gawayi.

A sami fili shimfiɗaɗɗe gaban bango bayan magariba. A tabbatar iskar tayoyi daidai take. A tsayar da mota tana fuskantar bango, tsakaninsu mita 10. A auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila. In an sami santimita 80, a ja layi da gawayi a bango daidai santimita 80. A ƙasansa a ja layi na biyu, ƙasa da na farko da santimita 10 zuwa 15.

A kunna kod. Saman hasken ya tsaya a layi na biyu. In ya haura layi na farko, fitilar tana dukan ido. A bayan kowace fitila akwai kusoshi biyu na saiti, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A rufe fitila ɗaya da tsumma, a saita ɗaya, sannan a juya. Motoci da yawa an buga musu awon a jikin fitila, kamar 1% ko 1,2%. Ma'anar 1% ita ce santimita 10 a mita 10.

Sai babban abin da ya shafi motocin kasuwa. In an loda buhunan gero, aka ɗora raguna da fasinja a baya, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga. Fitilar da ke daidai da safe ta koma kallon sama da dare. Saboda haka mai motar kaya ya yi saitinsa da lodin da ya saba ɗauka. Wasu motoci suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0, 1, 2, 3. Na sunkuyar da fitila ne. Mota ba kaya, 0. Mota cike, 2 ko 3.

FITILAR HAZO

A Turai an ƙera wannan fitila don hazon ruwa. A nan hazon ƙura ne. Iskar hunturu tana kwaso shi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Akwai kuma bangon ƙura da ke tasowa gaban hadari a farkon damina, da ƙurar da babbar mota ke tayarwa a hanyar burji. Ruwa ne ko ƙura, aikinsu ɗaya: suna mayar wa direba haskensa cikin ido. Wanda ya kunna far cikin hazo, farin bango ya gina a gabansa. Wanda ya kunna zenon da ta watse sama, bangonsa ya fi kauri.

Fitilar hazo ta gaske tana zama ƙasa-ƙasa. Haskenta faɗi gare shi, ba tsawo ba, kuma a yanke yake daga sama. Yana bin ƙasa ya nuna bakin hanya da ramin da ke kusa. Ba ya nuna nesa. Saboda haka fitila ce ta mai tafiya sannu, ba ta mai gudu ba.

Dattawan direbobi suna tuna Peugeot 404 da 504 masu rawayan ido. Dalili, ƙasar Faransa ta tilasta rawayar fitila a motocinta daga 1937 har zuwa 1993. Rawaya ba ta huda ƙura kamar yadda wasu ke zato. Amfaninta, ta fi farar wuta mai shuɗi sauƙi a ido. Wurin zaman fitila da saitinta sun fi launinta muhimmanci.

Wanda ya ga yana bukatarta, ga yadda ake ɗaura ta:

1. A sayi ta hazo ta gaske, mai faɗin haske. Fitila mai tsinin haske ta hangen nesa ba ta hazo ba ce, ko an rina ta rawaya.

2. A cire wayar mas daga kan batir kafin a fara aiki.

3. A ɗaura biyu, hagu da dama, tsayinsu ɗaya. Kada su yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada su haura manyan fitilu. Mai bin hanyoyin rairayi na arewa, wajen kwarin Tarka da Gadabeji, ya sa musu ragar ƙarfe saboda kututture da tudun rairayi.

4. Kada a ɗauki wuta daga wayar manyan fitilu. A ja sabuwar waya mai kauri, ta milimita 2,5, daga batir. Fitila biyu masu wat 55 sun zama wat 110. In an raba da bolt 12, ya ba da amfiya 9 da ƴan kai. A sa fizibil mai lamba 15 kusa da batir.

5. A sa rile tsakanin batir da fitilun, don kada wuta mai yawa ta bi ta makunni. Makunnin ya kasance nasu su kaɗai, mai ɗan haske da zai tuna wa direba cewa suna kunne. A haɗa shi yadda ba za su kama ba sai ƙananan fitilun tsayuwa suna kunne.

6. Duk inda waya ta ratsa hudar ƙarfe a sa mata roba. A nisanta ta da salansa da bututun mai. Kada a taɓa maye fizibil da guntun waya ko takardar kwalin taba. Mota mai ɗauke da jarkokin mai, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

7. A saita su da bango. A mita 10, saman haskensu ya sauka wajen santimita 20 ƙasa da tsayinsu.

In sarari ya washe, a kashe su. In ƙura ta kai inda ba a ganin bakin hanya, babu fitilar da za ta yi magani. A sauka daga kan hanya ɗungum, a tsaya nesa da kwalta, a jira ta lafa.

Mai fitilar hangen nesa ko sandar LED a rufi, wurinta daji ne inda babu kowa. A haɗa ta da far, yadda in an koma kod ita ma ta mutu. Wanda kuma motarsa ta zo da zenon na asali, kada ya taɓa wayoyinta tana kunne. Wutar da ke cikinsu tana iya kayar da ƙato. Wasu ƙwayayen suna da zaiba a ciki, kada a bar yara su fasa matacce.

MASU AMALANKE DA MAKIYAYA

Kiyaye hanya ba aikin direba kaɗai ba ne. Amalanken da ba shi da alama, da dare shi da duhu ɗaya ne. Mai amalanke ya kafa jan madubi mai mayar da haske a baya, hagu da dama. Wanda bai samu ba ya rataya tsohon faifan CD ko farin ƙyalle. Ya riƙe tocila, ya bi gefen dama, ya sauka daga kwalta in da hali. Kada a bar yaro shi kaɗai ya koro shanu da dare. Makiyayi mai tsallakar da garke ya tsayar da mai tocila ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ɗan kabu-kabu ya gyara jar fitilarsa ta baya.

Direban da wuta ta daka kuma, kada ya kalle ta. Ya mayar da idonsa gefen dama na hanya, ya sassauta, in ta kama ya tsaya. Kada ya rama da far. Makaho ɗaya a hanya ya isa, biyu sun yi yawa.

AIKIN KOWA NE

Dokar hanya ta Nijar, wadda aka sabunta a 2014, tana kan kowane mai mota. Jandarma suna kan hanya, hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra tana faɗakarwa. Amma jandarma ba za su tsaya a kowace kwana ba, kuma da rana fitila mai kashe ido ba ta da bambanci da mai lafiya.

Akwai abin da mutanen tasha za su iya yi da kansu. Sandikan direbobi ya zaɓi bango ɗaya a tashar Dakoro, ɗaya a ta Kornaka. A ja layukan awo da fenti, a kafa turke a mita 10. Duk motar da za ta tashi da dare ta tsaya gabansa da lodinta. Aikin minti biyar ne. Masu gyaran wuta su ma su ji tsoron Allah, su faɗa wa mai mota gaskiya kafin su karɓi kuɗinsa. Alhazai masu motoci su sani cewa jikkunan da aka kashe a kwalin zenon sun isa sabon ƙwai biyu da waya da rile, har da canji. Fasinja kuma yana da baki. In ya ga kowa na ƙyafta wa motarsu wuta, ya yi wa direba magana, domin ransa ne a ciki.

Amfanin fitila biyu ne: direba ya gani, a kuma gan shi. Wadda ta hana mai tahowa gani ta ɓata rabin aikinta. Garin neman gira kada a rasa ido.

A wata mai zuwa wannan fili zai yi magana a kan birki da lodin da ya wuce kima. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha, a gareji, da wurin hira. Allah ya kai kowa gida lafiya.